Kaka Roi da Baƙuwar da Ta San Sunan Wuta

Kakarmu Roi ta yi shekara goma sha ɗaya tana cewa ba ta jin Bamanci, babban yaren ƙasarmu, kuma duk gidan mun san ƙarya take yi. Matar da ta shekara talatin tana sayar da busasshen tohon gora a kasuwar Mogaung, tana wanke dillalai 'yan ƙabilar Bama tas da harshensu har sai sun ba ta haƙuri, ita ce wai ta wayi gari harshen ya zube daga kanta. Asalin abin, wani ma'aikaci ne ya zo ƙauyenmu da takardu yana ta jero mata tambayoyi. Da ta gaji, sai ta dube shi ta ce da yarenmu na Jingfo, "Ban ji ba." Mutumin ya tattara takardunsa ya yi gaba. Kaka ta ga dabara ta yi aiki, ta riƙe abarta. Tun daga ranar, duk baƙon da bai kwanta mata ba, ba ta jin yarensa.

Ƙanena La Ring makanike ne, injin casar shinkafa yake gyarawa. Lokacin girbi yakan bi ƙauyuka har can ƙasar Banmauk, ya yi wata biyu ya dawo da baƙin mai a farce. Wannan shekarar sai ya dawo da farce fes da sabuwar riga, yana ta murmushi shi kaɗai. Ni ce yayarsa da ta rage a gida, don haka ni ya fara tsarewa a bayan rumbu. Sunanta Yin Nu, in ji shi, malamar makaranta ce a can Banmauk, 'yar ƙabilar Kadu.

Na ce, "Ka gaya wa Kaka?"

"Ai shi ya sa na zo wurinki, Yaya Lu."

"A'a, malam. Kai ka ga yarinya, kai za ka ga tsohuwa."

Babanmu yana nan da ransa da lafiyarsa, amma a gidanmu ko kaza za a yanka sai an dubi fuskar Kaka. La Ring ya same ta a baranda tana dakan barkono da citta. Na raɓe a bakin ƙofa ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

Kaka ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar wane dangi ce? Maran? Marip?"

"Kaka, su Kadu ba su da irin wannan rabon."

Taɓaryar ta tsaya. "Ba su da dangi? Daga ƙasa suka tsiro kamar naman kaza?"

A wurinmu kowane dangi ya san gidan da yake auro mata da gidan da yake ba wa mata, kuma ba a cakuɗa su. Mu Kareng ne, daga gidan Sumlut muke aurowa. Kaka 'yar Sumlut ce, haka ma mahaifiyarmu. Baƙuwa kuwa, idan ana sonta, sai dattijon gidan da muke aurowa ya karɓe ta a matsayin 'yarsa, ya raɗa mata suna, shi ke nan an wuce wurin. Kowa ya san wannan hanyar, Kaka ma ta sani. Sai dai dattijon Sumlut da zai yi hakan ƙanenta ne, Tang, wanda tun suna yara bai taɓa ƙetare maganarta ba.

Ta ce, "Baƙuwa ce. Ba ta san yarenmu ba, ba ta san cocinmu ba. Da wane baki za ta gaishe ni?"

"Da Bamanci mana, Kaka."

"Ban ji ba," in ji Kaka, ta ci gaba da dakanta.

La Ring bai karaya ba. Ya ce idan Kaka ta ga yarinyar ido da ido za ta sauko. Bayan sati uku Yin Nu ta biyo jirgin ƙasa zuwa Mogaung tare da kakarta ta wajen uba, wadda ita ta raine ta. Ya ɗauko su a babur mai ƙafa uku, suka iso da hantsi.

Yin Nu doguwa ce, mai sanyin magana, ta shigo kanta a sunkuye. Kakarta kuwa, Daw Sein Pu, ba ta kai kafaɗata ba, amma ta hau matakalar gidanmu kamar ita ta gina shi. Ta shafa tanaka, kwaɓin garin itacen kwalliya, a kumatu ya bushe fari fat, ga tabar ganye mai kaurin rake a bakinta, ga kunnuwa manya-manya da suka buɗe kamar marfin tukunya. Ta zauna, ta yi gaisuwa da Bamanci mai kyau, ta tura wa Kaka ƙunshin ganyen shayi na ƙasarsu. Kaka ta zuba wa rufin ɗaki ido kamar yau ta fara ganinsa.

Na ce, "Ku yi haƙuri, ba ta jin Bamanci. Ni zan fassara."

Daw Sein Pu ta dubi Kaka sama da ƙasa. Sai ta juya ga jikarta ta ce da Bamanci, ba ta ko rage murya ba, "Gida mai kyau. Sai dai tabarmar nan, duk wadda ta saƙa ta, idonta ɗaya a rufe yake."

Kaka ce ta saƙa tabarmar. Na ga hancinta ya buɗe ya rufe. Daw Sein Pu ma ta gani, ta busa hayaƙi sama.

Da zaman ya yi wa Kaka nauyi sai ta miƙe ta shige madafa, wai za ta duba abinci. Na bi ta, don kazar da nake dafawa da ganyen ƙamshi tana kan wuta. Ba mu daɗe ba sai ga Daw Sein Pu ta shigo, ba wanda ya kira ta. Ta ja 'yar kujera ta zauna a ɗaya gefen murhu. Tsofaffi biyu, tukunya a tsakani. Kaka ta ɗanɗana romo ta yamutsa fuska, ta juya baya za ta ɗauko gorar gishiri a kan kanta. Tana miƙa hannu, bakin zaninta ya faɗa cikin garwashi.

Ni ban gani ba, hankalina yana kan yankan albasa. Sai na ji ihun baƙuwar.

"Wan! Wan!"

Kaka ta yi wani tsalle da ban taɓa zaton yana cikin jikinta ba. Na ɗauki ruwan wankin shinkafa na kwara mata tun daga ƙugu. Hayaƙi ya tashi, ƙaurin ƙonanniyar auduga ya cika madafa. Ba ta ƙone ba, zanin ne kawai ya samu rami kamar tafin hannu.

Kaka ta tsaya ruwa yana ɗiga daga jikinta. Ba ta dubi zanin ba. Baƙuwar ta zuba wa ido, sannan ta buɗe baki da Bamancin kasuwar Mogaung, tsaf, ba gargada.

"Wa ya koya miki yarenmu?"

Daw Sein Pu ta cire taba daga baki. "Au! Kunne ya buɗe? Ashe wuta magani ce."

"Tambayarki nake yi. Yaron nan ne ya koya miki don ki yi mini daɗin baki?"

"Wane yarenku? Yaren uwata na yi. Tsoro ne ya kama ni, Bamancin ya gudu ya bar ni."

"*Wan* namu ne. Haka Jingfo ke kiran wuta."

"To mu da me muke dafa abinci tun zamanin kakanni? Da sanyi?"

Kaka ta zauna da jiƙaƙƙen zaninta. Ta duba nan, ta duba can, sai ta nuna wata kaza da ta leƙo ta ƙofar baya. "Wannan fa?"

"A'a," in ji Daw Sein Pu. "In na faɗa ki ce naki ne, in kin faɗa ki ce na kwaikwaya. Yarinya, ke ƙirga mana uku, mu faɗa tare."

Na ajiye wuƙa na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku.

"U!" suka ce, baki ɗaya, har kazar ta firgita ta yi waje.

Suka dubi juna. Kaka ta ɗaga gorar gishiri. Na ƙirga.

"Jum," in ji Kaka.

"Zun," in ji baƙuwa.

"Shi ne dai," Kaka ta ce, "amma kin faɗe shi kamar mai ciwon haƙori."

"Ke kika rufe baki a ƙarshe kamar mai tsoron ƙuda."

Daga ƙarƙashin gida aladenmu ya yi gurnani. Ba su ma jira ƙirgata ba. Kaka ta ce *wa*, Daw Sein Pu ta ce *wak*.

"Kun yanke masa wutsiya," in ji Daw Sein Pu.

"Ku dai kuka liƙa masa."

Aka zo kan itacen wuta, suka haɗu. Kaka ta zana da'ira a toka da yatsa ta nuna sama, ta ce abin nan da ke haskawa bayan rana ta faɗi. Ta ce *shata*, ɗayar ta ce *sata*. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Kai jama'a! Har wata ba su bar mana ba."

Daw Sein Pu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Kaka ta miƙa mata ruwa da hannunta. A bakin ƙofa na hango La Ring da Yin Nu sun leƙo, da Baba a bayansu. La Ring bakinsa har kunne.

Daga nan aka shiga gardamar da ta sa kazata ta kusa narkewa a tukunya. Kaka ta ce magana ta fito fili: Kadu ƙannen Jingfo ne. Tare aka sauko daga duwatsun arewa, su suka ga ƙasa mai laushi a gaba, kwaɗayi ya ja su, suka yi nisa har suka manta hanyar gida.

"Wanda ya yi gaba shi ne babba," in ji Daw Sein Pu. "Mu muka share hanya. Ku kuka zauna a kan dutse kuna haki, har yau ba ku ƙarasa saukowa ba. Ki ce mini Yaya kawai mu huta."

"Shekarunki nawa?"

"Saba'in da tara."

"Tamanin da biyu. Ƙanwata, miƙo mini ludayi."

"Ai ba shekarunki ake tambaya ba, na yarenki ake tambaya. Namu har ya fara furfura."

Amma ta miƙa ludayin.

Sai bayan rana ta take tsaka muka ci abinci. Aka shimfiɗa ganyen ayaba, aka kwance ƙunshin shinkafa, ga kaza, ga tohon gora, ga dakakken barkono da citta. Kaka ta sauya zani ta zauna kusa da baƙuwarta, tana zaɓo mata cinya. Har ta dubi Yin Nu ta ce da Bamanci, "Ci mana, 'yata, kin rame kamar sandar rake." La Ring ya taɓa ni da gwiwar hannu ya raɗa mini, "Yaya Lu, an gama."

Ba a gama ba. Barkonon Kaka ya hau wa Daw Sein Pu hanci. Ta yi atishawa sau ɗaya, ta yi ta biyu, ta uku kuwa ta fito da wani dogon sauti a ƙarshe kamar kukan zakaran da bai iya cara ba.

Lomar da ke hannun Kaka ta faɗi. Ta daɗe tana kallon matar, ba fuskarta ba, kunnuwanta.

"Lu," ta ce da yarenmu, "sauko mini da hoton kakanku."

Na sauko da shi daga bango. Marigayi Kaka Gam, mijinta, yana tsaye da takobinsa da jakarsa, kunnuwansa a buɗe kamar zai tashi sama. Kaka ta ɗaga hoton kusa da kan baƙuwa, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Atishawarsa ce. Kunnensa ne. Ga kuma taurin kai." Ta ajiye hoton a hankali. "Ba za a yi auren nan ba."

La Ring ya kusa shaƙewa. "Kaka! Yanzun nan fa kika ce 'yan uwanmu ne!"

"Ai shi ya sa, ja'iri. In 'yan uwanmu ne, suna da dangi, mantawa suka yi. Wanda ya manta danginsa, wa ya san ko Kareng ne? Ga shaida a gefen kanta. Ƙanwarka za ka aura a gidan nan ina raye?"

Baba, wanda tun safe bai ce komai ba, ya ga lokacin taimako ya yi. Ya gyara murya ya ce, "Iya, ko da a ce tsohuwar Kareng ce, ai yarinyar 'yar ɗanta ce. Dangin uba ake bi. Yarinya ba Kareng ba ce."

"Madalla da kai," in ji Kaka. "Ke nan gidan su yarinyar sun auri 'yar Kareng. Gidan da muka ba wa mata, yaushe muka fara aurowa daga cikinsa?"

Baba ya mai da kansa kan shinkafa. La Ring ya yi masa wani kallo da ban taɓa ganin ɗa ya yi wa uba ba.

Daw Sein Pu tana ta bin bakunanmu da ido. Ta ce, "Me ake cewa? Na ji ana ta ambaton kunne da hannu." Na fassara mata duka, ban rage ba. Ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To. Da safe ba mu da dangi, an hana. Da rana dangi ya yi mana yawa, an hana. Ni dai zan jira la'asar in ga abin da za mu zama."

Kaka ta ce a kira mata Tang, shi ya san jerin kakanni, shi zai tabbatar. La Ring ya hau babur kamar wanda ake kora. Kafin rana ta karkata ya dawo da dattijon a baya, yana riƙe da rawaninsa da hannu ɗaya, yana salati irin namu na coci saboda gudun da aka yi da shi.

Dattijo Tang mutum ne mai sanyi, siriri, ba ya gaggawar komai. Ya sha shayi kofi biyu kafin ya yarda a fara. Kaka ta zayyana masa komai da Bamanci don baƙi su ji, shi kuma ya dube ta da mamaki ya ce, "Yaya, yaushe ya dawo?"

"Me?"

"Bamancin."

"Ba abin da na kira ka ke nan ba."

Ta jero masa wuta da kaza da gishiri da alade da itace da wata, ta kawo atishawa, ta kawo kunne. Dattijo Tang ya yi ta gyaɗa kai. Na san shi sarai: neman hanyar da zai yarda da yayarsa yake yi ba tare da ya dubi idon La Ring ba.

A nan ne Yin Nu ta yi magana, karon farko da na ji muryarta sosai. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, ku gafarce ni. A aji, in yaro ya ci tambaya shida ba na cewa ya iya sai na ƙara masa wasu. Ko za a ƙara gwadawa?"

Kaka ta ce a gwada, ai gaskiya ba ta tsoron ƙari. Yin Nu ta nuna rana ta taga. Na ƙirga uku.

"Jan," in ji Kaka.

"Samik," in ji Daw Sein Pu.

Ba su haɗu ba. Yin Nu ta ɗaga kofin ruwa, nan ma haka. Ta nuna karenmu da ke kwance a matakala, Kaka ta ce *gwi*, ɗayar ta ce *ci*. Aka gwada ci da sha da tafiya, wani ya yi kusa, wani ya yi hannun riga.

Kaka ta ce, "Wannan ba komai ba ne. A hanya suka zubar da su, suka tsinci na wasu. Mai tafiya mai nisa dole kayansa su ragu."

Yin Nu ta ce, "Haka ne, Kaka. To ko kakata ta yi miki magana doguwa da yarenmu, mu ga abin da za ki kama?"

Idon Daw Sein Pu ya yi haske. Ta ajiye taba, ta gyara zama, ta fuskanci Kaka da fara'a kamar mai sa albarka. Sai ta saki magana. Ta yi ta zuba ba numfashi, tana murmushi, tana lanƙwasa murya, tana ɗan sunkuyar da kai don girmamawa. Yin Nu ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Kaka ta karkata kunne, goshinta ya tattare. Ni ma na kasa kunne, ban kama komai ba. Kamar ka ji muryar wani naka daga ƙetaren kogi, ka san sautin amma ba ka jin abin da yake faɗa.

Can sai Kaka ta ɗaga yatsa. "Tsaya! Na ji gishiri. Me kika ce game da gishirina?"

"Shi kaɗai kika ji?"

"Na ce me kika ce?"

Daw Sein Pu ta koma Bamanci. "Cewa na yi, ke tsohuwa ce mai rigimar tsiya, tabarmarki karkatacciya ce, kin bar jikanki yana ramewa saboda kunnen wani mamaci, kuma kazarki ba ta ji gishiri ba. In da ni ƙanwar mijinki ce, ai da tun a tsohuwa mai rigima kin jefe ni da ludayi."

La Ring ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. Sai Kaka ta ce, "Gishirin ba laifina ba ne. Ina cikin ɗaukowa na kama da wuta."

Dattijo Tang ne ya fara dariya, irin dariyar da ba ta fita sai dai jiki ya girgiza. Da ya nutsu ya share ido ya ce, "Yaya, bari in faɗi abin da na sani. Jerin kakannin Kareng ina da shi a ka, haka na Sumlut, tun daga inda aka fara ambaton sunayen. Duk wanda ya yi ƙaura an faɗi inda ya nufa. Ba a ce wani ya gangara ƙasar Banmauk ya ɓata ba. Maganarki gaskiya ce, mutanen nan namu ne, don ba a aron sunan wuta a kasuwa. Amma rabuwar da ta kai a zage ki ido da ido kina gyaɗa kai, ta girmi jerin da ke kaina. Sun tafi tun kafin a ce wannan Kareng ne, wannan Sumlut ne. Ba su manta dangi ba, Yaya. Ba a riga an raba ba suka wuce."

"Kunnen fa?"

Dattijo Tang ya kai hannu ya warware rawaninsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba. Kunnuwa biyu suka buɗe, kowanne ya fi na hoton.

"Ni ma Kareng ne?"

Daw Sein Pu ta ce, "Kai, wannan ai ya fi nawa. Mai da rawanin, kar iska ta ɗauke ka."

Kaka ta dubi ƙanenta, ta dubi La Ring da ya yi zuru-zuru, ta dubi Yin Nu da har yanzu take durƙushe. Ta ce, "Tashi, gwiwa ba ta da magaji. Ke ce ta fari a wurin babanki?"

"Ni ce, Kaka."

"To Kaw ke nan, sunan 'yar fari. Tang, ka yi 'ya. Kuma ka sani malama ce, kar ka je kana yi mata shirme."

Washegari da safe aka yi sunan a gidan Dattijo Tang. Aka daka citta da busasshen nama kamar yadda ake yi wa jariri, fasto ya yi addu'a, Yin Nu ta zama Sumlut Kaw. Fasto ya so ya yi dogon bayani a kan bambancin coci da gidan ibadar su Yin Nu, Kaka ta ce wannan maganar yara ce, su za su zauna da juna, su daidaita. Dattijo Tang ya tambayi Daw Sein Pu ko ita ma a nema mata suna, ta ce a bar shi, nata bai tsufa ba tukuna.

Kwana biyu suka ce za su yi, suka yi tara. Tsofaffin nan kullum suna baranda, ɗaya da taba, ɗaya da goro irin namu na ganye, suna nuna abubuwa suna musu. A nan ne Daw Sein Pu ta gaya wa Kaka cewa su a tsakaninsu ba Kadu suke kiran kansu ba, Asak suke cewa. Ta ce maƙwabtansu 'yan ƙabilar Kanan kusan bakinsu ɗaya, in ban da sun fi su saurin magana. Ta ce kuma wani malamin ibada da ya yi yawo ya taɓa gaya mata cewa can yamma, a duwatsun da ke kusa da teku, akwai mutanen da ake kira Sak, masu yare mai kama da nasu.

Kaka ta ajiye abin da ke hannunta. "Har bakin teku? Su nawa ne?"

"Ina na sani? Ban ƙirga ba."

"Kin san da su, kika zauna, ba ki taɓa aika musu ko gaisuwa ba? Wace irin 'yar uwa ce ke?"

"Ke da kika san da ni shekaranjiya?"

Aka sa biki bayan wata biyu. Kaka ta dage sai an gayyaci mutanen bakin teku, ta ce ba a aurar da ɗa a ɓoye wa dangi. La Ring ya ce bai san ko sunan ƙauyensu ba. Ta sa Baba ya rubuta takarda duk da haka, aka ba wani direban babbar mota da ya ce yana zuwa yamma. Inda takardar ta ƙare, Allah kaɗai ya sani.

Ranar biki mutanen Banmauk suka zo mota guda, har da Kanan huɗu da Daw Sein Pu ta jawo don Kaka ta ji bakinsu. Daga teku ba wanda ya zo. Amma Kaka ta sa an shimfiɗa tabarma guda a gefen rumfa, an jera ƙunshin shinkafa da nama goma sha biyu, ta hana kowa zama. Duk wanda ya matso sai ta ce wurin baƙi ne, suna hanya.

Da aka fara watsewa na je kwashe kaya, sai na tarar da Daw Sein Pu zaune a tsakiyar tabarmar, ta kwance ƙunshi na biyu.

Kaka ta taho da sauri. "Ƙanwata, lafiya? Na mutanen teku ne!"

"Na sani, Yaya," in ji Daw Sein Pu da cikakken baki. "Ni na fi kusa da su, ni ke wakiltarsu. Sun ce a gaishe ki, sun ce abinci ya yi daɗi. Zauna ki taya su, ba za su iya cinyewa ba."

Kaka ta waiga ta ga ba mai kallo sai ni. Ta tattare zani ta zauna, ta jawo ƙunshi ɗaya.